RA'AYINMU: Kiɗan Mario da Kuntigin Ɗanmaraya

A 'yan kwanakin nan wata muhawara ta yi zafi a ɗakunan kwanan ɗalibai, wato tsakanin kiɗan wasan Mario da na Sonic wanne ya fi daɗi. Waɗansu na ganin wannan zancen yara ne wanda bai dace da ɗalibin jami'a ba. Mu a wannan mujalla ba mu yarda da haka ba, domin akwai darasi a cikin maganar.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da Super Mario Bros. a 1985, kamfanin Sega kuma ya biyo da Sonic the Hedgehog a 1991. Dukansu wasannin tsalle-tsalle ne: ɗan wasa yana gudu, yana tsallake ramuka, yana hawa dakali bayan dakali har ya kai ƙarshe. Da sannu injinan kwaikwayo masu araha suka shigo kasuwannin Kano, daga nan suka bi hanyar Daura har garuruwa irin su Ɗanbatta, inda yayyenmu suka riƙa cincirindo a shaguna masu janareta. Yawancinsu ba su jin Turanci balle Japananci, amma har gobe in an fito da kiɗan nan da baki za su gane shi nan take.

Mene ne asirin? Koji Kondo, wanda ya tsara kiɗan Mario, ya yi aiki ne da inji mai muryoyi uku kacal na sautin waƙa, da ɗaya mai ƙara wadda ta tsaya a matsayin ganga. Wasan duka bai wuce kilobayit 40 ba, abin da hoto guda a wayar hannu ya ninka sau da yawa a yau. Duk da haka ya daidaita kiɗan da gudun Mario da tsallensa, ya ba ƙarƙashin ƙasa nasa amo, ya ba cikin ruwa nasa, in lokaci ya kusa ƙarewa kuma sai kiɗan ya ƙara sauri, gaban ɗan wasa ya dinga faɗuwa. Masato Nakamura, mai kiɗan Sonic, ya sami inji mafi ƙarfi, amma har yanzu ana kai ruwa rana a kan wanda ya fi. Ashe yawan kayan aiki ba shi ne gwaninta ba.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Makaɗan Alhaji Mamman Shata kuwa da kalangu suke bin muryarsa sawu da ƙafa, kamar yadda Kondo ya bi tsallen Mario. Bambancin da ke tsakani shi ne adanawa da ɗorawa a kan abin da aka gada. A 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kiɗan Mario cikin jerin sautukan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan wasan bidiyo na farko da ya sami wannan daraja. Mu kuwa kaset-kaset na makaɗanmu suna lalacewa a cikin akwatuna, masu su suna ta ƙarewa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta da masu nazarin Hausa da su haɗa kai. Me zai hana a ƙirƙiro wasan da yaro zai tsallake kunyoyin gero, ya haye rumbu, ya kauce wa rijiya, kalangu na binsa yana ƙara sauri in damina ta matso? Tsalle ba baƙonmu ba ne. Mu ne masu langa da 'yar gala-gala. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi injin Kondo ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka uzurin rashin kayan aiki ya faɗi.

Ga matasan ma'aikata da ke ma'aikatun ilmi da al'adu kuma, naku shi ne ku tsaya a tattara tsofaffin kaset a mai da su cikin kwamfuta tun ba su salwanta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A ci gaba da muhawarar Mario da Sonic, amma a bar gurbi ga ɗan wasa na uku, mai hula da 'yar shara. Allah ya yi mana jagora.