Tikitin Jirgin Ƙasa Kyauta Ga 'Yan Shekara 18 Ba Asarar Kuɗi Ba Ce

Tun shekarar 2018 Tarayyar Turai take raba wa matasanta 'yan shekara 18 tikitin jirgin ƙasa kyauta, a ƙarƙashin shirin da ta sa wa suna DiscoverEU. A zagayen farko mutum 15,000 aka zaɓa. Wanda ya dace sai ya rataya jakarsa, ya hau jirgi daga garinsu, ya yi ta tsallaka iyakoki har tsawon wata guda. Akwai masu ganin wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, wai an rasa abin yi sai biya wa yara kuɗin yawon buɗe ido. Ni kuwa ina ganin kuɗi ne da aka sa inda ya dace, kuma hikimar tana cikin abin hawan da aka zaɓa.

Tikitin kansa tsoho ne. A 1972 kamfanonin jiragen ƙasa na Turai suka haɗa kai suka fito da Interrail, tikiti guda da matashi zai hau jirgi da shi a ƙasashe 21. Yau ya kai ƙasashe 33, kuma babba da yaro kowa na iya saye. Jirgin sama yana ɗaukar mutum daga wani fili a bayan gari ya dire shi a wani filin mai kama da na farko, bai ga komai a tsakani ba. Jirgin ƙasa kuwa cikin gari yake shiga, kuma ta taga fasinja yana kallon yadda ƙasa take sauyawa. Wanda ya tashi daga Biyana zuwa Budafes, tafiyar da ba ta kai awa uku ba, zai ji sanarwa ta koma harshen Hangari, ya ga sunayen tashoshi sun canza kama, in ya sauka kuma ya canji yuro da forint kafin ya sayi burodi. Ba wanda ya karanta masa darasi, amma ya gane cewa maƙwabcinsa mutum ne mai harshensa da tarihinsa.

Tarihin nan kuma a tsaye yake, ana taɓa shi da hannu. Daular Usmaniyya ta riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma har yanzu mutane suna wanka a ƙarƙashin ƙubbar gidan wanka na Rudas da Turkawa suka gina. A kudancin Hangari, a tsakiyar garin Pécs, akwai masallacin Pasha Ƙasim wanda aka mayar da shi coci: alƙiblarsa tana nan a bango, a kan ƙubbar kuma gicciye ne zaune bisa jinjirin wata. Yaron da aka taso shi da cewa Musulunci baƙo ne a Turai, in ya tsaya a dandalin nan minti goma, zai koma gida da tambayar da babu ɗan siyasar da zai iya goge masa ita. Haka Strasbourg, garin da Faransa da Jamus suka yi ta ƙwace wa juna daga 1871 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yau mintoci kaɗan ne a jirgi daga can zuwa Kehl ta Jamus. Gani ya kori ji, kuma nahiyar da ta binne miliyoyin 'ya'yanta saboda ƙiyayyar maƙwabta tana da hujjar biya wa matasanta kuɗin wannan gani.

Masu suka suna cewa 'ya'yan masu hali ne ke cin moriyar shirin, domin tikiti ba ya ciyar da mutum, ba ya ba shi makwanci, kuma jirage masu gudu a Faransa da Italiya da Sifen sai an ƙara kuɗin kama kujera. Gaskiya ne, sai dai wannan dalili ne na ƙara wa ɗan talaka guzuri, ba na soke tikitin ba. Ɗan mai kuɗi zai yi tafiyarsa ko da shirin ko babu. In aka soke, ɗan talaka kaɗai aka rufe wa ƙofa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cunkoso. Tsohon garin Benis, wanda mazaunansa suka kusan kai 175,000 a farkon shekarun 1950, yanzu ba su kai 50,000 ba, har a 2024 hukumar garin ta fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini guda a wasu ranaku. Kuma matashin da ya zaga ƙasashe goma cikin mako biyu, yana ɗaukar hoto a gaban kowace fada, bai san ko ɗaya ba. Amma a duba inda maganin yake. Jirgin sama mai araha da manyan jiragen ruwa a wurare ƙalilan suke juye mutane, kuma Italiya ta hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar Benis a 2021. Mai tikitin jirgin ƙasa shi ne yake da ikon sauka a ƙaramin gari ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya kwana biyu, ya ci abincin gari, kuɗinsa ya shiga aljihun mai ɗan shago.

Duk wannan ba zai yiwu da ƙarfen dogo kaɗai ba. Yarjejeniyar Schengen da ta fara aiki a 1995, wadda ta ɗauke binciken fasfo a tsakanin ƙasashe da dama, ita ta sa tikitin ya yi daraja. A nan maganar ta shafe mu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, an tsara ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya, wato ta rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau, har garin da sarakunan Katsina suka koma bayan jihadi. Kusan duk maganar da ake yi a kansa ta dakon kaya ce. Ina roƙon hukumomin Abuja da na Yamai su zauna tun yanzu su tsara taragon fasinja, da tikiti guda mai rangwame ga ɗalibai, da binciken takardu a cikin jirgi ba tare da sauke mutane a Jibiya ba.