Mi ke cikin ruwan da muke sha?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, zancenmu na watan nan a kan ruwa ne, da gubar da ido ba ya gani.

Ku tuna Tibiri. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi, wadda muke ce ma foraj. Ruwa garau, ba wari. Ashe akwai wani gishiri a ciki, sunansa fuluwor. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1 da rabi a lita guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau 3. Shekara wajen 15 yara suna sha. Haƙora suka yi ja, ƙafafu suka lanƙwashe. Rahoton ƙungiyar FIDH na 2002 ya ce yara wajen 5000 abin ya taɓa. Gishirin nan daga cikin ƙasa ya fito. Da an auna da wuri, an gaya ma iyaye, da yara da yawa sun tsira.

Akwai kuma gubar masana'anta. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Manyan masana'antun fata kuwa da wani magani ne mai suna kurom. A Kano, ruwan dattin masana'antun Sharaɗa da Calawa ya daɗe yana shiga kogi, ana ban ruwan lambu da shi, shanu na sha.

Mu ma da gulbi muke. Daga wajen Jibiya yake zuwa, ya bi ta Jiratawa, ya ratsa gefen Maraɗi, ya sauka Tibiri. Abin da birni ya zubar, na ƙasa da shi ke gamuwa da shi. Na Jiratawa kuma su kula da inda suke wanke gwangwanin maganin ƙwari, don su ne a sama.

Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ran 23 ga Fabrairu 2011 aka sa hannu a dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman takardun hukuma. To, ku haɗu da maigari, ku rubuta ma magajin gari da ma'aikatar ruwa: yaushe aka auna rijiyarmu? Mi aka samu? Mi masana'anta ke zubarwa, ina take zubarwa? Ku aje kwafin wasiƙar da kwanan wata.

Amsa da Faransanci za ta zo, ba shakka. Ku kawo ta wurin karatun yaƙi da jahilci, mu juya ta da Hausa, a manna ta bakin famfo.