RA'AYINMU: A Bar Yaro Ya Ce "Albarka"

Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ran Juma'a ya san ba a sallama sa da tayin farko. Mai shi zai ce "albarka", dillali ya kai ya kawo har a daidaita, ba kuwa mai ce masa makwaɗaici. To, don me in yaro daga Achika ya sami shiga babban kulob, aka miƙo masa takardar kwantiragi ya ce a dakata, sai a ce kansa ya kumbura?

Mu a ganinmu jan ƙafar nan tana da dalili. Da fari dai, shekarun ɗan ƙwallo ƙidayayyu ne, karaya guda tana iya raba shi da abincinsa. Na biyu, da zarar ya sa hannu ciniki ya ƙare. Dokar FIFA ta yarda a ɗaure shi har shekara 5, ko 3 in bai kai 18 ba, a kan albashin da aka yanka masa tun ba a san shi ba. Na uku, sau nawa muka ji 'yan wasanmu suna bin albashin watanni? Wanda ya dage a ba shi kuɗin sa hannu tukuna ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sauri kuwa ya haifi nawa. A 2005 Mikel Obi ya sa wa Manchester United hannu, ya dawo ya ce Chelsea yake so, aka yi ta shari'a har 2006.

Amma fa jan ma da iyakarsa, musamman in dillali ne ke zuga don la'adarsa. Ahmed Musa ƙwallo 18 ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/10 kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. A fili darajarsa ta tashi, ba a zaure ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun lauya, da matasan ma'aikata: in ƙaninku ya zo da takarda, ku karanta masa ita layi-layi. Ku sanar da shi cewa tun 2018, wanda aka hana albashin wata 2 yana da ikon ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya kama gabansa. Ilmin da bai tsare ƙanenmu ba, wa zai tsare?