Sai Bango Ya Tsage? Abin Da Rangadin Indiya A Ostareliya Ya Koya Mini

Na san da yawanku da ganin kalmar kurket za ku buɗe shafi na gaba. A makarantar nan in ba Arsenal ba to Madrid ce ko Barca. Kurket kuwa sai a fim ɗin Indiya, inda jarumi zai maka ƙwallo ta bar fili a yi ta rawa. Ko lokacin da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya cikin Janairun 2025, mu nawa ne muka ji labari? Ni ma zaman gida na lokacin korona ne ya sa na fara bin wasan a waya, har na kamu. Ku ɗan yi haƙuri da ni, domin maganar da zan yi ta shafi duk wanda ya taɓa zama a benci, da duk wanda ya taɓa riƙe biro yana rubuta sunayen waɗanda za su buga.

Ga wasan a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɗaya na jifa da ƙwallo, ɗaya na bugu da sanda yana tara maki. In masu jifa suka fitar da mutum 10, sai a yi musanya. A babban wasa da ake kira Test, wanda ke iya kai kwana 5, kowane ɓangare na yin bugu sau 2, kuma ƙungiya mai ƙarfi takan tara maki 300 zuwa 400 a zagaye guda.

To, a ranar 19 ga Disamba 2020, a birnin Adelaide, Indiya ta tashi da maki 36. Ba kuskuren buga rubutu ba ne, 36. Babu ɗan wasa ko ɗaya da ya kai maki 10, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ƙasar ta taɓa samu a tarihin Test ɗinta. Wannan shi ne wasa na farko cikin 4. Kyaftin Virat Kohli, wanda shi ne tauraronsu, ya kama hanyar gida saboda matarsa ta kusa haihuwa. Mohammed Shami, ɗaya daga cikin manyan masu jifansu, ƙwallo ta karya masa hannu a wasan. Tsofaffin 'yan wasa da ke sharhi suka fara cewa 4 da nema za a yi. Bayan wata ɗaya cif, ranar 19 ga Janairu 2021, Indiya ta ɗaga kofin da ci 2 da 1.

Masu ba da labarin nan sun fi son su ce jarumta ce da ƙarfin zuciya. Ban musa ba. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne zaɓen 'yan wasa: waɗanda suka ci wa Indiya kofin, yawancinsu ba su ne aka zaɓa da farko ba. Wannan abin yabo ne ga ƙasar, kuma abin tuhuma ne ga masu zaɓen.

Mu fara da Adelaide. Akwai gurbi biyu da aka yi ta muhawara a kansu. A wajen buɗe bugu an ɗauki Prithvi Shaw aka ajiye Shubman Gill. A wajen mai tsaron baya, wato kamar gola a ƙwallon ƙafa, an ɗauki Wriddhiman Saha aka ajiye Rishabh Pant, alhali kwanaki kaɗan kafin nan Pant ya ci maki 103 a wasan share fage a Sydney, kuma a rangadin da ya gabata ya taɓa cin 159 a wannan filin. Hujjar masu horarwa ita ce Saha ya fi shi iya kama ƙwallo. Gaskiya ne kuwa, don ko a wasa na 3 sai da Pant ya ɓarar da ƙwallo biyu da ya kamata ya cafke. Sai dai Shaw ya tashi da 0 da 4, Saha ma bai taɓuka komai da sanda ba.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya kare kansu ba. Mako guda bayan nan a Melbourne, aka sa Gill da Pant da Ravindra Jadeja, aka kuma ba Mohammed Siraj wasansa na farko. Ajinkya Rahane, wanda ya karɓi kyaftin, ya ci 112, Indiya ta yi nasara. Da a ce sun dage cewa zaɓinsu na farko daidai ne, a ƙara musu wasa ɗaya, da wataƙila an gama zance tun a nan. Daga ƙarshe Pant ɗin da aka ajiye shi ya fi kowane ɗan Indiya maki a jerin wasannin, 274 a wasa 3.

Daga nan sai rauni ya shiga ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Umesh Yadav ya ji ciwo a Melbourne. A Sydney Jadeja ya samu karaya a babban yatsa. Ranar ƙarshe ta wannan wasan, Hanuma Vihari da tsokar cinyarsa ta yage da Ravichandran Ashwin da bayansa ya riƙe suka tsaya suna tare ƙwallo sa'o'i har aka tashi canjaras. Vihari ya fuskanci jifa 161 ya ci maki 23 kacal, don burinsa kawai kada a fitar da shi. Da aka zo wasa na 4, duk su ukun ba su iya bugawa, ga Jasprit Bumrah, jagoran masu jifa, shi ma ya kwanta.

Kuma wasan na 4 a filin Gabba na Brisbane za a yi shi, inda rabon da a ci Ostareliya tun 1988. Har kyaftin ɗinsu Tim Paine ya riƙa tsokanar Ashwin a Sydney cewa ya ƙosa su haɗu a Gabba. Ku dubi waɗanda Indiya ta fito da su. Siraj, ɗan direban keke napep daga Hyderabad, wanda mahaifinsa ya rasu yana Ostareliya bai samu zuwa jana'iza ba, shi ne babban yaya a cikin masu jifa, kuma wasansa na 3 ke nan. Navdeep Saini na 2. Shardul Thakur shi ma na 2, a na farkonsa a 2018 jifa 10 kawai ya yi ya ji rauni. T. Natarajan da Washington Sundar kuwa ranar suka fara. Su biyun an riƙe su ne don su riƙa yi wa manya jifa a wajen atisaye. Duka-duka mutanen da waɗannan biyar suka taɓa fitarwa a Test kafin ranar ba su kai 15 ba. Na Ostareliya sun haura 1,000.

Ko a nan ma sai da aka yi zaɓen da ya ɗaga gira. Akwai Kuldeep Yadav a tawagar, gwani ne, ya daɗe yana jiran dama. Aka tsallake shi aka ɗauki Sundar, wanda rabonsa da irin wannan dogon wasa ko a gida tun 2017, saboda ya iya bugu. Da Indiya ta shiga uku a zagayen farko, mutum 6 sun fita tana da 186 alhali Ostareliya ta tara 369, Sundar da Thakur ne suka haɗa maki 123 a tsakaninsu. Sundar 62, Thakur 67. A zagaye na 2 Siraj ya fitar da mutum 5. Aka bar wa Indiya neman 328. Gill ya ci 91, Cheteshwar Pujara ya tsaya ƙwallo na dukansa a kai da ƙirji da hannu har ya ci 56, Pant ya ƙarasa da 89 ba a fitar da shi ba. Safiyar Talata ce a nan wajenmu, ina zaune ina ta sabunta shafin sakamako da guntun datar da ta rage mini. Mutum 20 Indiya ta yi amfani da su a wasa 4, kuma Rahane da Pujara ne kaɗai suka buga duka.

Wani abokina da muke musu da shi kullum cewa yake sa'a ce kawai. Ya ce ba basirar kowa ba ce, ciwo ne ya zaɓi tawagar. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ko yawan mutanen da aka tafi da su ma korona ce ta jawo, tunda duk wanda zai shiga Ostareliya a lokacin sai ya yi kwana 14 a killace, ba a iya kiran wani daga gida yau ya buga jibi. Dole aka riƙe ƙarin mutane a kusa.

Amma sa'a ba ta koya wa mutum tare jifan Pat Cummins. Waɗannan yaran an daɗe ana dafa su. Rahul Dravid, tsohon gwarzonsu, ya horar da tawagar 'yan ƙasa da shekara 19 da tawaga ta biyu da ake kira Indiya A daga 2015 zuwa 2019, kafin ya koma shugabantar makarantar horon kurket ta ƙasa a Bengaluru. Pant da Sundar sun buga gasar duniya ta matasa a ƙarƙashinsa a 2016. Gill shi ne gwarzon gasar ta 2018 a New Zealand. Siraj da Saini da Thakur sun sha yawo da Indiya A. Wato an kashe kuɗi da lokaci a kan mutanen da babu tabbacin za a taɓa buƙatarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa gorunansu a fafe suke tun tuni.

Inda maganar abokina ta fi yi mini ciwo shi ne ɗaya rabin. In da manya ba su ji rauni ba, da Sundar ya gama rangadin yana ɗaukar ruwa, da Thakur ya koma gida ba wanda ya san zai iya. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. To bangaye nawa ne ba su tsage ba? Mutum nawa ne suka ƙare rayuwar wasansu a benci saboda na gabansu lafiyarsa ƙalau, ko saboda sunansa ya fi girma?

A nan ne zan tona wa kaina asiri. Bara ni na rubuta sunayen 'yan ƙwallon ƙafar sashenmu a gasar da ake yi tsakanin sassa. Akwai wani yaro ɗan ND 1, duk wanda ya zo atisaye ya ga abin da yake yi da ƙwallo. Akwai kuma abokina ɗan HND 2, ɗakinmu ɗaya, rabonsa da fili tun zangon farko. Na sa abokina. Na ce wa kaina ai shekararsa ta ƙarshe ce, yaro yana da sauran lokaci, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Minti 20 da fara wasa abokina ya dafe gwiwa yana haki. Ban canja shi ba sai da aka zura mana biyu, don kada a ce na yi kuskure. Yaron ya shigo saura minti 10, bai samu abin yi ba. Bana ko atisaye bai zo ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Yaya, ai an riga an san waɗanda za su buga." Wallahi ban samu amsar ba shi ba.

Ba ina cewa a watsar da manya ba ne. Ba don Pujara ya tsaya ya sha duka ba, da Pant bai samu abin ƙarasawa ba, kuma Rahane da ya riƙe tawagar tsohon hannu ne. Abin da nake cewa shi ne girma ba ya zama lasisin riƙe gurbi. Sannan mai zaɓe zai yi kuskure, wannan dole ne. Na Indiya sun yi nasu a Adelaide, suka gyara cikin mako guda. Ni na yi nawa na zauna a kai har aka kore mu daga gasa.

Don haka ga roƙona ga daraktan wasanni na ƙungiyarmu da wakilan sassa, tun kafin a fara maganar wa zai je NIPOGA. A yi gwaji a fili, a sa rana a liƙa a allon sanarwa kowa ya gani. A riƙe rajistar masu zuwa atisaye, wanda ba ya zuwa kada sunansa ya fito ko ɗan ɗakin wa ne. Kowane sashe ya samu tawaga ta biyu, a riƙa haɗa musu wasa ko sau ɗaya ne a wata. Wannan ba ya buƙatar kasafi, ƙwallo ɗaya ce da alƙalin wasa da filin da muke da shi. Kuma wanda zai rubuta sunaye kada ya zama mutum ɗaya, don na gwada na ga yadda zumuncin ɗaki ke murɗa biro.

Shi kuma ƙanena ɗan ND 1, wanda yanzu yake ND 2, in wannan mujallar ta shiga hannunka: laifina ne, ka yafe mini. Atisaye na nan ranar Asabar da safe, kuma bana ba ni kaɗai zan riƙe takardar ba.