Kada Ka Jefar Da Littafin

Ya kai ɗalibi. Wasunku kan zo Islamiyya rai a ɓace bayan karanta Things Fall Apart, littafin Chinua Achebe na 1958, a ajin Turanci. Wai akwai bautar gumaka, ga Okonkwo ya rataye kansa, saboda haka karanta shi haramun ne.

To, a yi hattara. Malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani ma ya ba mu labarin Fir'auna. Dubi Okonkwo: gudun kada a ce masa raggo ya sa ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiransa baba. Ashe ba wa'azi ba ne wannan?

Karanta, ka auna da Shari'a, abin da ya shige maka duhu ka tambayi malaminka. Allah Ya ba da sa'a, amin.