Wa ke duba masu duba yaranmu a likita?

Duk shekara, da damana ta zauna, labarin guda ne. Daga watan Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa a kan yara, ɗakunan kwantar da su a likitocin Ƙonni da Illela su cika, haka ma asibitin Galmi a gundumar Malbaza, wanda tun 1950 yake karɓar marasa lafiya har daga ƙetaren iyaka. A lokacin ne kuma koke-koken masu saurarenmu suka fi yawa: wannan an daka mata tsawa, waccan ta tambayi abin da ke damun ɗanta ba a ko dube ta ba.

Ba mu ce ƙarya suke yi ba. Amma mu leƙa ɗakin CRENI da dare. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, madarar F-75 ake ba shi bayan awa biyu ko uku, dare da rana, wani ta roba a hanci. Sanyi kaɗan ko saukar sukari na iya tafiya da shi kafin asuba. Ma'aikaciyar da ke gadi za ta rufe fuskar yaro guda, ta ba uwarsa haƙuri, ta juya ga gado na gaba. Ita ma fa uwa ce. Da safe wa ya tambaye ta yadda ta kwana da abin?

Ba wai babu sa ido ba. Tawagar hukumar lafiya ta gunduma tana zagayawa, majo yana duba na ƙasa da shi. Sai dai ziyarar ta fi karkata ga rajista, lissafin magani da firjin allurar rigakafi. Abin da muke nufi daban ne: zama na musamman, mai rana da lokaci, inda wanda ya daɗe a aiki zai zauna da ƙaraminsa, su ɗauko labarin yaro guda su bi shi tun daga shigowa. Ina aka makara? Me aka gaya wa uwar, ta gane kuwa? Kai kanka yaya zuciyarka? A ƙasashe irin su Ingila wannan zama sananne ne a aikin jinya. Sharaɗinsa shi ne kada abin da aka faɗa a ciki ya koma takardar tuhuma. In ma'aikaci ya san maganarsa za ta ja masa canjin wurin aiki, to shiru zai yi, kuskuren kuma ya sake faruwa a kan wani yaron.

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai gajiyar da aiki ke jawowa, wadda ke sa mutum ya daina jin tausayin aikin nasa. Mu a nan fushi muke kiranta, ko rashin tarbiyya. Sakamakon kuwa a bayyane yake: uwar da aka wulaƙanta, ga gona tana jira, ga yara a gida, sai ta goya ɗanta ta fice kafin magani ya ƙare. Gobe maƙwabciyarta ma ba za ta zo da wuri ba, duk da cewa tun 2006 gwamnati ta ce kyauta ne maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar.

Za a ce ina lokaci, ina ma'aikatan? Gaskiya ne, balle yanzu da tallafin waje ya ragu tun farkon 2025. Amma wannan ba mota yake so ba, ba mai ba. Awa guda a wata ne, da ɗaki mai ƙofa, da wanda zai riƙe gadi kafin a fito. Wahalarsa ita ce koya wa manya su saurara ba tare da faɗa ba, don wanda aka rena da tsawa a wurin aiki, da ita yake renon na baya.

Tambayarmu ga shugabannin lafiya na gundumomin uku: a jadawalin sa ido na bana, akwai gurbin irin wannan zama kafin gadaje su cika? Makirufonmu a buɗe yake ga duk wanda zai zo ya amsa.