Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya, Amma Wa Ya Faɗa Mana Ranar?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, wadda ni kam ta ishe ni. Da zarar an ce wa'adin neman tallafin karatu ya wuce wani ɗalibi, sai ka ji ana cewa, "Ai ba rabonsa ba ne," ko kuma, "Sakacinsa ne." Daga nan an rufe zance, yaro ya ɗaure littattafansa ya koma gona. Ina so in nuna cewa duka maganganun nan biyu hanya ce kawai ta wanke hannu.

Mu ɗauki Tambuwal da Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa birnin Shehu tafiyar kusan kilomita 100 ce, Kebbe kuwa ta fi nisa, tana can kusa da iyakar Zamfara da Kebbi. Ɗalibin da ya je hutu Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuci, ya duƙufa noma don ya tara kuɗin rajista, ta ina zai ji an buɗe fom? A da, a allon sanarwa ake liƙa takarda a birni. Yau a intanet ake sakawa, a ba da 'yan makonni, a rufe. Ɗan birni ya gani a wayarsa tun kafin karin kumallo, ɗan ƙauye kuwa sai ya dawo makaranta ya tarar an sha biki. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Shin wa'adi yana jiran wanda aka katse wa layi? Wannan shi ne sakaci?

Gaskiya ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma wanda ba a faɗa wa ranar ba, da wane baki za a zarge shi?

To, wanda abin ya riga ya faɗa wa fa? Kada ya kwanta. Farko, ya rubuta takarda zuwa ga hukumar ba da tallafin, ya bayyana dalilinsa, ya bi ta ofishin Shugaban Harkokin Ɗalibai, ya kuma riƙe kofi. Takarda tana shiga fayil, kukan baki kuwa iska ke ɗauke shi. Na biyu, ya je wurin Magatakarda ya nemi ƙarin lokaci. In ya tabbata kuɗin ba za su samu ba, ya nemi ɗage zangon karatu a rubuce. Wanda ya ɗage da izini gurbinsa yana nan, wanda ya ɓace shiru kuwa ana iya soke sunansa. Na uku, ya sani ƙofa ba ɗaya ba ce. Ban da tallafin jiha akwai na Tarayya, akwai kuma asusun rancen ɗalibai, NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a Afrilun 2024, aka fara karɓar masu nema a watan Mayu. Rancen ba shi da ruwa, don haka iyayen da ke gudun riba su kwantar da hankali. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma ba a fara bin bashin sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa. Sai dai ba ya yiwuwa ba tare da lambar NIN da BVN da ta JAMB ba, kuma suna guda da ya saɓa tsakanin takardun nan ya isa ya tsayar da komai. Ga goran da za a fafe tun yanzu.

Yanzu bari in juyo gida. Ina ƙungiyoyinmu na ɗalibai 'yan ƙananan hukumomi? Me muke yi ban da buga kalanda da shirya walima da zaman jira a ƙofar 'yan siyasa? Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wanda ya yi Gwamna daga 2015 zuwa 2023. Ashe ba mutane muka rasa ba. Abin da muka rasa shi ne mutum ɗaya a kowace gunduma wanda aikinsa kai labari: a faɗa a masallacin Juma'a, a faɗa ran kasuwa, a aika gidan rediyo. Sanƙira yana iya shelar ɓatan akuya, amma ba a iya shelar abin da zai riƙe yaro a jami'a?

Hukumomi kuwa, abu uku nake nema. A tsayar da lokaci guda sananne kowace shekara. A yi sanarwa da Hausa a rediyo. A kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda ke da uzuri karɓaɓɓe. Malamanmu, minti biyu a ƙarshen lacca ba za su rage muku komai ba.

Rabo na Allah ne, ba mu musa ba. Amma isar da labari aikin mutum ne, kuma a kansa za a tambaye mu.